Waƙa a Bakin Mai Ita

Ina ɗan shekara goma sha huɗu fim ɗin Hausa ya fara shigowa ƙauyenmu da ke gaɓar Nilul Azraƙ, tsakanin Sinnar da Sinja. Wani maƙwabcinmu da ya yi zaman neman kuɗi a Jidda ne ya dawo da talabijin da bidiyo da ɗan ƙaramin janareta. Ya kewaye rakubar ƙofar gidansa da tsofaffin buhuna, ya ajiye yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Kafin wannan lokaci, abin da muka sani shi ne fina-finan Indiya da wasannin Masar. Daren da na fara jin wata mace a cikin akwatin ta yi sallama, aka amsa mata da irin amsar da kakata take yi, sai kunya ta kama ni, kamar an yaye labulen ɗakinmu a tsakiyar kasuwa. Harshen da muke ajiyewa a zaure idan za mu tafi makaranta, mu ɗauke shi idan mun dawo, ga shi nan ana yin soyayya da shi, ana faɗa, ana zuwa gaban alƙali, kuma babu wanda ya waiwaya ya ga ko ana jin sa.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne waƙoƙin. Saurayi da budurwa za su tsaya cikin lambu, kiɗa ya tashi, shi ya yi baiti ita ta amsa. Na yi wata da watanni ina zaton jarumin da nake gani shi ne mai muryar. Wata rana wani yayanmu, wanda ya fi mu kunnen kiɗa, ya ce mini in rufe idona in saurara. Na rufe. Washegari aka sa wani fim da wani jarumi daban, na sake rufewa. Murya ɗaya ce. Fuskoki suna sauyawa, riguna suna sauyawa, amma mutum guda ne yake rera waƙar daga wani wuri da ba ma gani.

Daga ranar na daina tashi idan fim ya ƙare. Mutane su watse, mai janareta yana gunagunin man da ake ƙona masa, ni kuwa ina zaune ina kallon jerin sunayen da ke hawa sama. Matsalar ita ce da haruffan boko aka rubuta su, mu kuwa da Larabci muka yi karatu, a allo da a makarantar gwamnati. Da ɗan Ingilishin aji na riƙa haɗa baƙi da wasali, har na gane cewa Hausa ce aka rubuta da waɗannan haruffa. A jerin sunayen fim na koyi karatun bokon da nake rubuta muku wannan da shi. Cikin sunayen farko da na iya karantawa da kaina, wanda kuma na yi ta gamuwa da shi a inda ake jera masu waƙa, akwai Yakubu Muhammad.

Ya kamata in bayyana yadda sana'ar take, domin da yawa daga cikinmu mun sha kallo ba mu san yadda ake girkin ba. Fim ɗin Hausa na kaset ya fara ne a Kano a 1990 da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta shirya. Kafin shekara goma ta cika harkar ta zama kasuwa, har mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, waƙarsa ta cika gidajen biki da tashoshin mota, 'yan kasuwa suka gane cewa waƙa ce take sayar da fim. Daga nan tsari ya juye. Sau da yawa akan fara yin waƙar tun kafin a ɗauki fim ɗin. Marubuci ya tsara baitoci, mai kiɗa ya zauna gaban fiyanon Yamaha a wani ɗan ɗaki ya fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga daga yatsunsa, mawaƙi da mawaƙiya su shiga su rera. Sannan a kai kaset wurin ɗaukar fim, jarumi da jaruma su riƙa motsa baki suna bin muryar da aka riga aka naɗa. Indiyawa ne suka riga kowa ƙwarewa a wannan hanya, inda Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar suka shafe shekaru suna ba wasu aron murya. A Kano kuwa irin su Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Mudassir Ƙasim, da mata irin su Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba, su ne muryoyin da muka haddace ba mu san kamanninsu ba.

A cikin wannan tsari, wanda ya rubuta waƙa ana biyan sa sau ɗaya ne. Kaset ya yi kasuwa ko ya kwanta, shi dai ya karɓi nasa ya tafi. Jarumi shi ake bi a titi, shi ake liƙa hotonsa a bayan mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An haifi Yakubu Muhammad a 1973, mutumin Bauci ne, kuma ya shigo harkar a ƙarshen shekarun 1990 ta bayan fage: rubutun labari, rubutun waƙa, da rerawa. Ya yi waƙoƙin fim ɗaruruwa. Abin da ya bambanta shi da yawancin abokan sana'arsa shi ne bai tsaya a sayar da baiti ba. Shi da amininsa Sani Musa Danja sun kafa kamfanin 2 Effects, suna shirya fina-finan kansu da waƙoƙin kansu. Rabon aikin a fili yake: Sani a gaban kyamara da rawa da fara'a, Yakubu a baya da alƙalami da murya da lissafi. Wanda ya zama furodusa ya tashi daga matsayin ɗan ƙwadago zuwa na mai gona. Shi zai nemo kuɗi, ya ɗauki darakta, ya biya mai kiɗa, ya yi ciniki da 'yan kasuwar kaset, ya ɗauki asara idan ta zo, amma kuma aikin nasa ne, sunansa yana kai.

Hanyar ba ta kasance shimfiɗaɗɗiya ba. Bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma rawa da waƙa tsakanin namiji da mace su ne abin da aka fi sa wa ido. A 2007 aka dakatar da shirya fim a jihar na tsawon watanni, aka tsananta dokoki, 'yan fim da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da wasu garuruwa. Bayan wannan sai masu satar fasaha suka cinye kasuwar faifai, wayar hannu da katin memori suka ƙarasa abin da ya rage. Duk wanda abincinsa ya dogara ga waƙar fim kaɗai ya ji a jikinsa.

Sai a 2013, bayan kimanin shekara goma sha biyar yana magana ta bakin wasu, Yakubu ya fito da fuskarsa a fim ɗin Gabar Cikin Gida, tare da Sani Danja. A waya na kalle shi, wani direban lori ya turo mini. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba, sai dai in ce kamar ka daɗe kana jin kiran sallar wani ladani daga ƙetaren kogi, rannan ka gamu da shi a jirgin fito. Daga nan ƙofofi suka buɗe masa a kudancin Nijeriya. Ya fito a shirin Sons of the Caliphate a 2016, sannan a 2018 ya fito a Lionheart na Genevieve Nnaji, a matsayin ɗan wani attajirin Bahaushe mai harkar motocin sufuri. Wannan fim shi ne na farko daga Nijeriya da Netflix ta saya ta sa sunanta a kai. Yaron da ya fara da rubuta baitoci a ɗakin kiɗa a Kano, ga shi ana kallon sa a ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Me ya sa labarin mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba ya zauna mini a rai haka? Na daɗe ina tambayar kaina, kuma amsar tana nan gida.

Mu da muka tashi da Rediyon Umdurman mun saba da wata al'ada mai kyau. Kafin a sa waƙa, mai gabatarwa zai ambaci mutum uku: wanda ya rubuta kalmomi, wanda ya sa musu kari, da wanda ya rera. Shi ya sa duk mai son Muhammad Wardi ya san Isma'il Hasan da Mahjub Sharif. Madani da ke kusa da mu ta haifi Ibrahim Alkashif da Muhammad Al'amin, kuma ba a ambaton waƙoƙinsu a bar mawallafansu a baya. A ƙasar da ke girmama sunan mai baiti haka, mu ne muka zama masu aikin da ba a ambata.

Kakanninmu wasu sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Wasu kuma mahajjata ne da suka taho a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, tsayuwar ta zama zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannayensu na cikin waɗanda suka yi shuka da cira da sharar tur'a. Kaɗan ne suka samu hawasha, mafi yawa a kambo suka rayu. Audugar ta tafi masaƙun Ingila da sunan Sudan, kuma haka ya dace, amma babu jerin sunaye a ƙarshen wannan fim. Yau babu birnin da ba a cin agashe, har sunan ya zama na kowa, ba kowa ne kuma ya san cewa kalmar Hausa ce yake furtawa ba.

Ko a waƙa haka abin yake. Mace ta farko da ta rera a Rediyon Umdurman, a 1942, 'yarmu ce: A'isha Musa Ahmad, 'yar malamin allo Bahaushe, wadda mahaifinta bai so ta yi waƙa ba. Ta yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin duniya na biyu, ta buɗe wa matan ƙasar nan ƙofar da ba a sake rufewa ba, ta rasu a 1974. Ƙasa ta karɓi muryarta da hannu biyu. Amma sunan da aka san ta da shi, Falatiya, shi ne kalmar da har yau ake jifan yaranmu da ita idan ana so a tuna musu cewa wai baƙi ne. Mun ga inda wannan tunani yake kaiwa a watan Yuli na 2022 a Rusairis da kewayenta, da watan Oktoba a Wad Almahi, lokacin da rikici kan ƙasa da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka. Ba zan tona wannan miki a nan ba. Na ambace shi ne don a san cewa maganar wane ne ake gani, wane ne ake jin muryarsa kawai, ba maganar nishaɗi ba ce a wurinmu.

Ni ma ina da nawa laifin a ciki. Tun ina saurayi nake tsara baitoci. Akwai wata mai waƙar biki a yankinmu da ta yi shekaru tana rera abin da nake rubuta mata, da Hausa gauraye da Larabci kamar yadda muke magana, mata suna guɗa suna liƙa mata kuɗi. Sharaɗina guda ne a kanta: kada ta kuskura ta ambaci sunana. Mahaifina malami ne, a wurinsa waƙa aikin maroƙa ce, kuma ban so a ce ɗan malam ya zama ɗan amshi ba. Har Allah ya karɓi ransa bai sani ba. Wata rana na ji shi yana ce wa mahaifiyata baitin nan da matan suke yi a gidan maƙwabta akwai hikima a ciki, ko wane ne ya tsara shi ya san Hausa. Ina zaune a gefe ina gyaran fitila. Ban ɗaga kai ba. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake nadama.

Ɗan yayata bai gaji wannan tsoro ba. Ya tafi Madani karatu, ya koyi haɗa kiɗa da kwamfuta, ya kama ɗan shago ya liƙa katifun soso a bango. Yana yi wa masu biki kiɗa, yana naɗar masu madahu, yana sa sauti a gajerun wasannin da samari suke ɗauka da waya. A wayarsa akwai Nura M. Inuwa da Umar M. Sharif da Hamisu Breaker, kusa da mawaƙan Hartum. Ya taɓa nuna mini yadda karin waƙar Kano da na Umdurman suke tafiya a kan tsani guda mai hawa biyar, shi ya sa kunnen Bakano yake jin daɗin Sayyid Halifa, kunnenmu kuma bai yi baƙunta da kiɗan fim ba. A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya shiga Madani, masu bindiga suka fasa shagon. Ya iso ƙauye da ƙafa da rigar da ke jikinsa da katin memori guda a cikin safa.

Wani dare muna zaune a kan angareb, ana dafa jabana, ya ce mini, “Kawu, idan hanya ta buɗe Kano zan tafi. A nan idan na yi da Hausa, ƙauyukanmu kaɗai za su ji. Idan na yi da Larabci, sai a ce in gyara harshena. Can kuwa ko ba a san fuskata ba, zan sayar da kiɗa in ci abinci.”

Na ce, “Ɗana, can ma za su ce Hausarka ta sha ruwan Nilu.”

Ya yi dariya, ya ce, “To ina ne namu ke nan?”

Ban ba shi amsa a daren ba. Amma na ba shi labarin Yakubu Muhammad tun daga rakubar maƙwabcinmu, kuma ina cikin bayarwa na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. A da ina ɗaukar labarin a matsayin na mutumin da ya yi haƙuri a duhu har aka fito da shi haske. Ba haka ba ne. Ba wanda ya fito da shi. Tun yana bayan fage ya tabbatar sunansa yana rubuce, har yaro a gaɓar Nilu ya koyi karatu da shi. Tun yana bayan fage ya mallaki kamfani, ya daina sayar da aikinsa a kan farashin yini guda. Da ya ga dama ya fito, ya fito a fim ɗin da yake da hannu a shirya shi. Fitowar fuska ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙanƙanta cikin ukun.

Na kuma gaya masa ƙarshen labarin Lionheart. Nijeriya ta aika da shi gasar Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje, a 2019 aka cire shi saboda Ingilishi ya yi masa yawa, harshen gida ya yi kaɗan. An yi ta muhawara a kan adalcin hukuncin, kuma masu cewa Ingilishi ma harshen Nijeriya ne suna da hujja. Amma ni abin da na ɗauka daban ne. An yi fim da harshen da ake zaton duniya take so, da aka isa ƙofar duniya sai aka tambayi na gida. Wannan Hausar tamu da ta sha ruwan Nilu, mai hawasha da tur'a da rakuba a cikinta, babu mai ita a Kano, babu mai ita a Umdurman. Shekara fiye da ɗari ana sarrafa ta a bakin kogi da cikin gonakin auduga. Idan bai naɗe ta ba, wa zai naɗa?

Bayan wata shida yaƙin ya iso Sinja, mu ma muka ɗanɗana gudun da ya ɗanɗana. Mun yi zaman Gadarif a gidan dangi, mutum goma sha a ɗaki biyu. A can, da wayar aro da abin sauraro mai kunne ɗaya, ya fara naɗar tsofaffin matan da muka yi hijira tare: waƙoƙin daka, na reno, na kai amarya, waɗanda wasunsu ko mahaifiyarsa ba ta taɓa ji ba. Kowace tsohuwa sai ya tambaye ta sunanta da na wadda ta koya mata da garin da aka taho da waƙar, ya faɗa da bakinsa a farkon naɗin, kamar yadda ake yi a rediyo. Wasu suka ce Sakkwato, wasu Katsina, wasu Damagaram, wata ta ce ita dai a kambo ta ji ta.

Yanzu mun dawo gida. Rufin ɗakuna biyu ya tafi, amma bango yana nan. Maganar Kano bai bar ta ba, ni ma ban hana shi ba, domin Bahaushe bai taɓa zama don an ce ya zauna ba. Sai dai ya ce ba zai tafi hannu wofi yana neman wanda zai ba aron kiɗa ba, zai tafi da aikin da aka riga aka san mai shi.

Makon jiya ya zo mini da wata tsohuwar waƙar biki da ya sake yi wa kiɗa, wadda ya ce tun yana goye yake jin ta. Ya ce ya tambayi mai rerawar wanda ya rubuta mata, ta yi dariya ta ce ya je ya tambayi kawunsa. Ya tsaya a kaina da waya a hannu.

“Kawu, da wane suna zan sa?”

Na daɗe ina kallon wurin da mahaifina yake shimfiɗa buzunsa. Sannan na faɗa masa sunana cikakke, da na mahaifina a haɗe. Ya tambaye ni ko da haruffan Larabci zai rubuta ko da na boko. Na ce ya rubuta da duka biyun, domin akwai yaro a wani wuri da zai zauna bayan kowa ya tashi, yana haɗa baƙi da wasali.